Biyan Manoma Bayan Bala'i: Yadda Gwamnatin Amurka Ta Ke Auna Hasarar Gona

Gabatarwa

Duk ƙasar da mutanenta su ke ci daga noma, ba ta rasa shekarar da damina za ta ƙi, ko ruwa ya yi yawa ya cinye shuka, ko ƙanƙara ta kwantar da hatsi ana gab da girbi. In haka ta auku idon talakawa ya kan koma kan hukuma. Ita kuwa hukuma sai ta tarar da tambayoyi a gabanta masu wuyar amsawa: wa ya yi hasara, ta nawa ya yi, kuma kashi nawa ya kamata baitulmali ya ɗauka? Wannan takarda za ta bi yadda ƙasar Amurka ta yi fama da tambayoyin nan tun daga 1887 har zuwa 2024. An zaɓi Amurka ne sabo da ta gwada kusan kowace hanya da a ke iya gwadawa, ta kuwa rubuta abin da kowace ta haifar.

Abin da mu ke so mu nuna shi ne, kuɗin da a ke biya bayan bala'i ya kan bi sawun lissafin da aka ajiye tun bala'in bai zo ba. Manomin da gonarsa ta ke cikin littafin hukuma shi a ke fara biya. Wanda ba ya ciki ya kan zo a baya, ko ya rasa baki ɗaya, ko da hasararsa ta fi ta kowa. A ƙarshe za mu waiwayi ƙasarmu mu ga inda maganar ta shafe mu.

1. Daidaita kalmomi

Kafin mu shiga tarihi ya kamata mu daidaita kalmomi, gama jaridu da gidajen rediyo su kan cakuɗa su. Agaji shi ne abin da a ke kai wa wanda ya shiga wahala don a ceci ransa, kamar hatsi da bargo da magani, ba a kuwa tambayarsa girman gonarsa. Rance kuɗi ne ko iri wanda za a mayar bayan kaka. Inshora yarjejeniya ce, manomi ya yi zubi tun kafin shuka, in hasara ta same shi a biya shi gwargwadon abin da aka rubuta. Saura na huɗu, wanda shi ne kan maganarmu, watau kuɗin da gwamnati ta ke ba manomi kyauta gwargwadon abin da ya rasa a gona. Mutane sun saba kiransa diyya. A wajen malaman fiƙihu diyya tana kan wanda ya yi ɓarna ne, gwamnati kuwa ba ita ta hana ruwan sama zuba ba. Duk da haka za mu yi amfani da kalmar, tun da ya ke ta riga ta zauna a bakin jama'a. Amma fa mai karatu ya riƙe cewa manomi ba ya bin hukuma bashin wannan kuɗi, sai in doka ta mai da shi haƙƙinsa.

Kalmar fiƙihu da ta fi kusa da batunmu ita ce ja'iha. A mazhabar Malikiyya, in mutum ya sayi 'ya'yan itace tun suna bisa, sa'an nan wani bala'i kamar fara ko ƙanƙara ya halaka sulusinsu ko fiye, sai a rage masa kuɗi gwargwadon abin da ya halaka. In bai kai sulusi ba, hasarar tasa ce. A lura da hikimar iyakar nan. Ƙaramar hasara kowane mai sana'a ya saba da ita, babba ita ce ta cancanci a raba. Nan gaba za mu ga 'yan majalisar Amurka sun faɗo kusan kan wannan iyaka cikin 1988, ta wata hanya tasu dabam.

2. Daga ƙin biya zuwa sayen shanu

Da fari gwamnatin tarayya ta Amurka ba ta ɗauki hasarar manomi abin da ya shafe ta ba. Cikin 1887, bayan fari ya ƙone waɗansu gundumomi na jihar Teksas, Majalisar Dokoki ta yarda a fid da dala 10,000 a saya wa manoman wurin iri. Shugaba Grover Cleveland ya ƙi sa hannu. Hujjarsa ita ce, tsarin mulki bai ba gwamnati ikon kashe dukiyar jama'a don rage wa ɗaiɗaikun mutane wahala ba, kuma in ta fara, mutane za su saba da jiran hukuma, zumuncin da ya ke sa maƙwabci ya taimaki maƙwabci ya yi rauni. An daɗe da barin hukuncinsa, amma tsoron da ya ambata ya yi ta dawowa cikin kowace muhawara da aka yi bayansa.

Farin 1930 ya tarar da Shugaba Herbert Hoover a kan ra'ayi mai kama da wannan. Ya bar ciyad da mayunwata ga ƙungiyar Red Cross, Majalisa kuwa ta ba da dala miliyan 45 rance don iri da takin zamani da abincin dabbobi. Masu suka suka yi ta cewa gwamnati ta yarda ta ciyad da alfadari amma ta ƙi ciyad da mai shi. Rance kuma sai da jingina, sabo da haka da yawa daga cikin matalautan manoma ba su same shi ba.

Zamanin Shugaba Franklin Roosevelt al'amarin ya sake. Farin 1934 ya yi tsanani har kiwo ya ƙare a filayen tsakiyar ƙasar, guguwar ƙura ta riƙa kwashe ƙasar gonaki. Daga tsakiyar 1934 zuwa farkon 1935 gwamnati ta sayi shanu fiye da miliyan 8 daga hannun makiyaya. Waɗanda suka rame ƙwarai aka kashe su aka binne, sauran aka yanka aka yi naman gwangwani, aka raba wa marasa aikin yi. Wannan hanya tana da sauƙin lissafi, domin saniya ana ganinta, ana ƙirga ta. Hatsin da bai fito ba kuwa ba mai iya ƙirga shi, sai dai a kimanta abin da da an samu. Nan ne wuyar aikin ta ke, duk abin da ya biyo baya ƙoƙari ne na shawo kanta.

3. Inshorar farko da diyya ta kyauta

Cikin 1938 Majalisa ta kafa hukumar inshorar amfanin gona ta tarayya. Aka fara da alkamar 1939, zubi da biya duka da awon alkama a ke lissafa su. Shekara biyar a jere abin da aka biya ya fi abin da aka tara. Dalili kuwa a fili ya ke. Hukuma ba ta da tarihin kowace gona, manomi kuwa yana da shi a kansa, mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Wanda ya san gonarsa fako ce, ko ya ga ƙasa ta bushe tun kafin shuka, shi ya ke hanzarin shiga, mai gona mai albarka kuwa ya ga zubin ya yi masa tsada ya ƙi. Cikin 1943 Majalisa ta tsai da shirin, ta mai da shi a ƙarshen 1944, sa'an nan cikin 1947 ta taƙaita shi ya zama gwaji a 'yan gundumomi kaɗan.

Dokar aikin gona ta 1973 ta bi wata hanya. Ta sa a riƙa biyan masu noman alkama da masara da dawa da auduga diyya kyauta, ba tare da zubi ba, in bala'i ya hana su shuka ko ya rage musu amfani ƙwarai. Daga 1974 zuwa 1980 an biya fiye da dala biliyan 3 ta wannan hanya, biliyan ɗaya kuwa miliyan dubu ke nan. Illa biyu suka bayyana. Ta farko, mutane suka riƙa shuka a busassun wurare inda noma caca ne, domin in an dace riba tasu ce, in ba a dace ba baitulmali ya biya. Ta biyu, ba wanda zai sayi inshora alhali ga irinta ana bayarwa kyauta.

Sabo da haka dokar 1980 ta nufi kashe diyya ta kyauta, inshora ta maye gurbinta. Gwamnati ta ɗauki har kashi 30 cikin 100 na zubin manomi, ta kuma yarda kamfanoni su riƙa sayad da inshorar a madadinta. An sa rai rabin gonakin da suka cancanta za su shiga. Shekara takwas bayan haka waɗanda suka shiga ba su wuce kamar rubu'i ba.

4. Farin 1988 da yadda a ke lissafin diyya

Cikin 1988 fari ya auka wa jihohin masara, amfanin masara ya ragu da kusan sulusi in an gwada da na shekarar 1987. Galibin manoma ba su da inshora, shekarar kuma ta zaɓe ce. Majalisa ta yi dokar gaggawa, Shugaba Ronald Reagan ya sa mata hannu cikin watan Agusta, aka kimanta za ta ci kusan dala biliyan 4. Ya kamata mu dubi ƙa'idarta da kyau, gama ita ce misalin da dokoki da yawa suka bi.

Manomi shi ya ke ɗaukar kashi 35 na farko na hasararsa. Abin da ya haura wannan a ke biya, a kan kashi 65 cikin 100 na farashin da gwamnati ta tsayar. Bari mu kawo misali da ƙirgen buhu don sauƙin fahimta. A ce manomi ya saba samun buhu 100, farashin kowane buhu dala 10, bana kuwa ya sami buhu 40. Hasararsa buhu 60 ce, watau dala 600. A cire buhu 35 da su ke wuyansa, saura 25. Kowane ɗaya a biya shi dala 6 da rabi, jimla dala 162 da rabi. Mai karatu ya ga diyya ba ta mai da mutum inda ya ke a da, iyakarta ta hana shi durƙushewa har damina ta zagayo. Dokar ta kuma tsai da cewa ba wanda zai karɓi fiye da dala 100,000, wanda kuwa hasararsa ta yi yawa ƙwarai, tilas ya sayi inshora a shekara mai zuwa.

Duk lissafin nan ya rataya ne a kan kalma guda, watau “ya saba”. In ba a san buhu 100 ɗin nan ba, babu abin da za a cire 40 daga cikinsa. Ga kuma wata illa da dokar ta haifar. Manomin da ya yi zubi ya ga maƙwabcinsa da bai yi ba shi ma an biya shi, sai ya ga zubin nasa bai yi masa rana ba. Haka aka yi ta zagaye: rashin inshora ya tilasta dokar gaggawa, dokar gaggawa ta ƙara kashe sha'awar inshora. Majalisa ta sake yin irin wannan doka cikin 1989, ta kuma sake bayan babbar ambaliyar kogin Misisipi ta 1993.

5. Gyaran 1994 da littafin gona

Dokar 1994 ta yi ƙoƙarin yanke zagayen nan. Ta fito da inshora ta matakin ƙasa wadda gwamnati ta ke biyan zubinta duka, manomi ya biya ladan rajista kurum, dala 50 a kan kowane irin amfani. Dokar 2018 ta kai ladan nan dala 655. Wannan mataki ba ya biya sai hasara ta wuce rabi, kuma tun daga 1999 a kan kashi 55 na farashi ya ke biya. Manominmu na ɗazu mai buhu 40, buhu 10 ne kaɗai za a lissafa masa, ya karɓi dala 55. Mai son kariya fiye da haka sai ya ƙara zubi, gwamnati ta taya shi. Dokar 2000 ta ƙara yawan tayin, har a shekarun da suka biyo baya baitulmali ya riƙa ɗaukar kimanin kashi 60 cikin 100 na jimlar zubin manoma. Amfanin da babu inshorarsa a gunduma, kamar waɗansu kayan lambu, aka yi masa wani shiri nasa mai kama da wannan.

Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne littafin da shirin ya tilasta ajiyewa. Kowace shekara manomi ya kan je ofishin Ma'aikatar Aikin Gona na gundumarsa ya faɗi abin da ya shuka, da eka nawa, da ranar shuka. Galibin amfanin damina ranar 15 ga Yuli ce iyakarsa. Ana auna abin da gona ta saba bayarwa daga lissafin shekara 4 zuwa 10 na baya, da shaidar rasit na sayarwa ko awon rumbu. Wanda ba shi da lissafi ko na shekara ɗaya, sai a ɗauka gonarsa tana ba da kashi 65 cikin 100 na abin da aka ƙiyasta wa gundumar. Watau rashin rubutu kansa tara ne. In bala'i ya auku, ma'auni ya kan zo ya duba gonar kafin a yarda manomi ya nome ta.

An ga amfanin wannan cikin babban farin 2012. A shekarar nan inshora ta biya manoma fiye da dala biliyan 17, Majalisa kuwa ba ta yi wa masu hatsi dokar gaggawa irin ta 1988 ba. Kowa ya san abin da zai samu tun kafin ya shuka, bankunan da suka ba da rance su ma sun sani.

6. Dabbobi da taswirar fari

Makiyaya ba su sami wannan sa'a ba cikin 2012. Dokar 2008 ta kafa musu shirye-shiryen diyya, amma wa'adinsu ya ƙare a ƙarshen Satumba 2011, fari ya zo ya tarar babu doka. Mutane da yawa suka sayad da shanunsu. Sai cikin 2014 aka farfaɗo da shirye-shiryen, aka mai da su na dindindin, aka kuma biya hasarar da aka yi tun daga Oktoba 2011. Kuɗin ya zo, amma saniyar da aka sayar da araha shekara biyu baya ba ta dawo ba.

Bisa dokar 2014, in dabbobi suka mutu sabo da mugun yanayi fiye da mutuwar da aka saba gani a garke, a kan biya kashi 75 cikin 100 na farashinsu a kasuwa. Nan ma sai mai garke ya nuna shaidar yawan dabbobinsa kafin bala'in. Hasarar kiwo kuwa da wata dabara a ke auna ta. Tun 1999 Jami'ar Nebraska da waɗansu hukumomin gwamnati su ke fid da taswira kowane mako, wadda ta ke nuna tsananin fari a kowane yanki, mataki mataki. Dokar 2014 ta ce in gunduma ta yi mako 8 a jere cikin fari mai tsanani lokacin kiwo, a biya makiyayanta kuɗin wata ɗaya. In ta kai matakin ƙoli ta yi mako 4 a ciki, a biya na wata biyar. Kuɗin wata kuwa kashi 60 ne cikin 100 na abin da ciyad da dabba ya ke ci.

Kyan wannan hanya shi ne ba sai ma'auni ya taka kowane fili ba, ba kuma wanda zai roƙi wani babba ya sa baki. Aibinta shi ne ruwan sama bai san iyakar gunduma ba. Mutum yana iya rasa ciyawa ƙaf alhali taswira ta ce gundumarsa lafiya lau, wani kuma a biya shi ga filinsa kore shar.

7. Wa a ke biya, wa a ke bari

Ko da ya ke inshora ta yaɗu, dokar gaggawa ba ta mutu ba, domin ɗan majalisa ba ya iya komawa mazaɓarsa hannu rabbana bayan guguwa. Cikin 2018 an ba da dala biliyan 2.36 sabo da guguwar teku da gobarar daji na 2017. Cikin 2021 an ba da biliyan 10 don hasarar 2020 da 2021. A watan Disamba 2024 aka sake ba da kimanin biliyan 21 don hasarar 2023 da 2024. Sharaɗin da a kan gindaya shi ne wanda ya karɓa ya sayi inshora shekara biyu masu zuwa.

Yadda aka raba kuɗin 2021 ya isa shaida ga abin da mu ke faɗi. Da aka fara rabo cikin 2022, sai Ma'aikatar ta ɗauko lissafin inshora, ta cike wa manoma takardun nema, ta aika musu gida, aikinsu su duba su sa hannu. Waɗanda ba su cikin lissafin aka ce su jira zagaye na biyu, wanda bai buɗe ba sai 2023, su kuma zo da takardun harajinsu su nuna raguwar abin da suka samu. Ba wanda ya yi nufin zalunci a nan, amma wanda ya fi ƙarfi shi ya riga samu. Har wa yau, tun da ya ke gwargwadon amfani a ke biya, babbar gona ita ke kwashe babban rabo, ko da mai ƙaramar gona shi ne hasara ta fi kai wa ƙasa.

Akwai kuma inda zaluncin ya kasance da gangan. A Amurka manoman gunduma su ke zaɓen kwamitin da ya ke lura da ofishin gona, tun zamanin Roosevelt. A jihohin kudu kwamitocin nan sun daɗe a hannun farar fata. Cikin 1997 manoma baƙar fata suka kai Ma'aikatar ƙara, suka ce an yi shekaru ana jinkirta musu rance da taimakon bala'i ko a hana su. Cikin 1999 aka yi sulhu a gaban alƙali, gwamnati ta biya kimanin dala biliyan 1, cikin 2010 kuma aka amince da ƙarin biliyan 1.25 ga waɗanda ba su sami shiga da fari ba. Da yawa daga cikinsu gonakin sun riga sun fita hannunsu. Ashe ajiye littafi bai wadatar ba, sai an duba hannun da ya ke riƙe da alƙalami.

8. Inda maganar ta shafe mu

Nijeriya ma ta kafa hukumomi don wannan aiki. Bayan farin 1972 zuwa 1974 aka kafa hukumar agajin gaggawa cikin 1976, wadda NEMA ta gaje ta cikin 1999. Cikin 1987 aka fara shirin inshorar aikin gona na ƙasa, inda gwamnati ta ɗauki rabin zubi, amma galibin waɗanda suka shiga masu karɓar rancen banki ne. Da ambaliyar 2012 ta raba mutane fiye da miliyan 2 da gidajensu, Shugaba Goodluck Jonathan ya ba da naira biliyan 17.6. An kasa jihohi kashi huɗu bisa tsananin ɓarna, na farko kowace ta sami naira miliyan 500, na ƙarshe miliyan 250. A lura, jiha aka auna, ba a auna gona ba, domin babu littafin da za a duba a ga dami nawa Malam wane ya saba ɗaurewa. Bisa kalmomin da muka daidaita a sama, wannan agaji ne, bai kai diyya ba.

Abin mamaki shi ne ƙasar Hausa ta taɓa sanin irin wannan littafi. A farkon zamanin Turawa malaman taki sun bi gonakin ƙasar Kano suna auna su da takun ƙafa, dagatai suna riƙe da sunayen masu gida, shanu kuma ana ƙirga su kowace shekara don jangali. Amma don karɓa aka yi lissafin nan, shi ya sa talaka ya koyi ɓoye gonarsa da garkensa daga idon mai rubutu. Cikin 1979 gwamnatocin jihohin Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali, ƙirgen da ya ke tafe da su ya bi su. Cikin 2012 Ma'aikatar Aikin Gona ta tarayya ta fara rajistar miliyoyin manoma ta wayar hannu don rabon takin zamani. Wannan ya nuna aikin mai yiwuwa ne, sai dai rajistar suna ba ta kai lissafin amfanin gona na shekara da shekaru ba.

Jamhuriyar Nijar ta gwada hanyar taswira. Cikin 2012 Tarayyar Afirka ta kafa hukumar da ƙasashe su ke yi wa zubi, a auna ruwan daminarsu da tauraron ɗan'adam, in ya kasa a biya su nan da nan. Bayan daminar 2014 aka biya Nijar da Senegal da Muritaniya kimanin dala miliyan 26 a farkon 2015, rabon Nijar miliyan 3 da rabi. Amma cikin 2016 ma'aunin ya ce Malawi ba ta cancanci kome ba alhali mutanenta suna cikin yunwa, daga baya aka gano an yi lissafin da irin masarar da ba ita manoma su ke shukawa ba, aka biya ta dala miliyan 8.1 bayan watanni. Tauraro ma yana bukatar wanda ya san gona ya gaya masa gaskiya.

Kammalawa

Amurka ta yi shekara fiye da 100 tana kai da kawowa tsakanin kyauta da inshora, har yanzu kuwa ba ta rabu da ɗayansu ba. Ba mu ce a kwaso tsarinta a dasa a nan ba, gama baitulmalinta dabam, gonakinta dabam, manominmu kuma ya kan haɗa gero da dawa da wake a kunya guda, galibin amfanin a gida a ke cinye shi ba rasit. Abin ɗauka shi ne ƙa'idar: a tsai da iyakar hasara da yawan biya tun da lafiya, a ajiye lissafin abin da gona ta saba bayarwa, a kuma sa littafin inda talaka zai iya ganin abin da aka rubuta a kansa.

A nan malaman kwalejojin horon malamai suna da abin yi. Ɗalibin da ya koyi auna gonar makaranta, ya rubuta ranar shuka da yawan damin da aka ɗaure kowace kaka, zai iya yin haka a ƙauyen da aka tura shi, ya kuma koya wa yara su yi wa iyayensu. Lissafin shekara biyar na ƙauye guda ba ya cin kuɗin da ya wuce na littafi da alƙalami, amma ran da ruwa ya ci gari shi ne hujjar da mutanen wurin za su riƙe a gaban hukuma. Ba a fafe gora ranar tafiya.